Kuɗin Ajiyar Gidan Haya: Na Mai Gida Ne Ko Na Ɗan Haya?

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a zauren makaranta ranar taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai.

 

Da sakatare ya sanar da ni cewa an sa sunana cikin masu jawabi, na zaci za a ce in yi magana a kan aikin gwamnati, tunda shi ne abin da nake ci nake sha a ciki. Sai ya ce a'a, labarin nan na gidan haya da na ba su a wajen wani ɗaurin aure, shi suke so in maimaita a gaban jama'a. Na ce masa ai wannan tonon asiri ne, ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To, shi ya sa kuka gan ni a nan. Na san a cikin zauren nan akwai 'yan haya irina, akwai kuma yayyenmu da Allah ya hore wa gidaje suna ba da haya. Ina roƙon kowane ɓangare ya saurare ni har ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci.

Bari in fara da abin da dukanmu muka sani. Ranar da aka kawo mu aji ɗaya a makarantar nan, iyayenmu sun biya wani ɗan kuɗi daban da sauran, wanda aka ce na ajiya ne saboda ɓarna. Ranar da muka gama kuwa, kowa ya ɗauki takardarsa ya yi ta zagaye, daga ɗakin karatu zuwa sito, daga sito zuwa wajen malamin ɗakin kwana, kowa yana duba littafinsa. Wanda ya ɓatar da fartanya ko bokiti, ko ya fasa gilashin taga, a nan ake rubuta masa. Amma ban taɓa jin an ce wa ɗalibi ya biya kuɗin katifa don ta lotse bayan shekara shida ana kwana a kanta ba. Dalili kuwa shi ne, akwai littafi. An rubuta abin da aka ba ka ranar da ka zo, kuma malaman sun san bambancin abin da yaro ya lalata da abin da ya tsufa don kansa. Abin mamaki, sai da na fita na yi jami'a, na kama aiki, na yi aure, sa'an nan na mance da wannan darasi.

A shekarar 2021 na kama hayar gida a Kano, ɗaki biyu da falo, a kan naira 450,000 a shekara. Dillali ya karɓi la'adarsa, kana aka ce in kawo naira 100,000 na ajiya, wanda dillalai ke kira koshon. Wani abokina yakan ce wasu masu gida ƙoshi suke ji idan an faɗi kalmar, shi ya sa ba sa amayar da shi. An ce mini ranar da zan tashi za a duba gida, in babu ɓarna a mayar mini da kuɗina cif. Mai gidan dattijo ne, sa'an mahaifina, masallacinmu ɗaya. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu shafi guda ce, kuma ba ta ce komai a kan kuɗin ajiya ba. Na so in ce a ƙara, sai kunya ta kama ni, na ga kamar zan nuna wa dattijo ban yarda da shi ba. Abin da kawai na iya yi shi ne, na roƙi dillali ya rubuta mini a bayan rasit cewa an karɓi dubu ɗari na ajiya, ya sa hannu. Ya rubuta yana dariya, yana cewa, "Yallaɓai, ku 'yan boko komai sai takarda."

Shekara uku muka zauna lafiya, ko sau ɗaya haya ba ta makara ba. A 2024 aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Abuja. Duk wanda ya taɓa neman muhalli a can ya san abin da nake nufi idan na ce na ƙirga kowace naira. Na sa dubu ɗarin nan cikin lissafin motar da za ta kwashe mana kaya da kuɗin makarantar babban ɗana. Muka share gida, muka wanke, na miƙa makulli ga ɗan mai gidan, wanda shi ke kula da gidajen mahaifinsa. Ya ce in ba shi mako guda.

Bayan mako uku sai ga takarda an aiko mini ta waya. Fentin gida gaba ɗaya, naira 60,000. Silin na falo da ya ruɓe, 35,000. Bashin wuta, 22,000. Kawunan famfo, 12,000. Gilashin taga guda biyu, 8,000. Jimla 137,000. Wato ba ma kawai ajiyata ta tafi ba, ni ake bi bashin naira 37,000, kuma a ƙasa an rubuta cewa Alhaji ya yafe mini cikon saboda zaman lafiyar da muka yi.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko na yanke shawarar in bar wa Allah. Na ce ina ni ina ja-in-ja da sa'an ubana a kan dubu ɗari, a ce yaron nan ma'aikacin gwamnati ba shi da ta ido? Maiɗakina ce ta ƙi. Ta ce ai ba da Alhaji za ka yi faɗa ba, lissafi ne za ka duba, kuma kullum a ofis aikinka ke nan, ka duba lissafin wasu. Sa'an nan ta tuna mini cewa kunyar mara kunya asara ce. Na ce Alhaji ba mara kunya ba ne. Ta ce to, ka je ka gwada mu gani.

A nan nake so in ɗan dakata, domin nan ne gundarin maganar. Ni ba lauya ba ne, amma na zauna da lauyoyi biyu 'yan ƙungiyar nan, na kuma tambayi malamin da nake ɗaukar karatu a wajensa, sai na tarar bakinsu ya zo ɗaya a kan abu biyu.

Na farko, akwai bambanci tsakanin tsufa da ɓarna. Fenti yakan koɗe ko da mala'iku ne a gidan. Robar cikin famfo takan cinye, marfin ƙofa yakan saki, ragar sauro takan ruɓe da rana da ƙura. Wannan tsufa ne, kuma kuɗin hayar da kake biya duk shekara shi ne ladan wannan amfani. Idan mai gida ya karɓi haya ta shekara uku, sa'an nan ya cire kuɗin sabunta fenti daga ajiyarka, to ya karɓi kuɗin abu ɗaya sau biyu. Ɓarna kuwa ita ce abin da hannunka ko na iyalinka ya jawo, ko sakacinka, kamar ka fasa, ka huda, ka ƙona, ko ka ga ruwa na zuba ka yi shiru har ya ci gini. Dokar haya ta jihar Legas ta shekarar 2011 ta fayyace wannan, inda ta ɗora wa ɗan haya kula da gida amma ta cire tsufan da aka saba gani, ta kuma ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da ake tarayya a kansu. Sashe na 10 na dokar ya ce a ba da rasit na daban a kan kuɗin ajiya, kuma ɗan haya yana da haƙƙin a ba shi bayani a rubuce, aƙalla duk wata shida, na yadda aka yi da kuɗin. Dokar Legas ba ta aiki a Kano, kowace jiha da tata, amma na kawo ta ne don ku ga ba son zuciyar 'yan haya ba ne. A ɓangaren fiƙihu ma, malamina ya buɗe mini Risala ta Ibn Abi Zaid, babin ciniki da haya, ya nuna mini cewa wanda ya yi hayar abu amintacce ne a kansa, ba ya ranko don abin ya lalace a hannunsa, sai in ƙaryarsa ta bayyana. Ya ƙara da cewa malamai sun ɗora ranko a kan wanda ya yi sakaci ko ya wuce gona da iri.

Na biyu, wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja. Haka yake a kotun majistare, haka yake a kotun shari'a. Kuɗin ajiya naka ne, amana ce a hannun mai gida. Naka shi ne ka nuna ka bayar. Shi kuma da ya ce ka yi ɓarna, shi zai nuna ɓarnar, ya nuna ba haka ka tarar da wurin ba, ya nuna abin da gyaran ya ci. Yawancinmu mukan juya abin, mu tsaya muna rantse-rantse kamar mu ake tuhuma.

Da na fahimci haka sai na koma neman abin da ke hannuna, kuma a nan ne na gane sa'a ce ta cece ni, ba wayona ba. Ranar da muka tare, maiɗakina ta ɗauki bidiyon gidan da wayarta don ta aika wa yayarta ta ga inda aka kawo ta. Tana zagayawa tana surutu, sai ga silin na falo ya fito da tabon ruwa kamar faifai, tun kafin mu shimfiɗa tabarma. Bugu da ƙari, a daminar 2022, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a jihohi da yawa, na aika wa ɗan mai gidan saƙo ta WhatsApp har sau uku cewa kwano yana yoyo, ya amsa da "za a turo kafinta", kafinta bai zo ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, to ni na sani kuma na faɗa. Takardun kuɗin wuta kuwa, ɗabi'ar aikin ofis ta sa ina jera su a fayil, suka nuna cewa naira 15,000 daga cikin bashin tun na wanda ya riga ni zama ne. Ga kuma rasit ɗin da dillali ya yi mini dariya a kansa. Kada wani ya ce hoton waya ba hujja ba ne. Tun da aka yi dokar shaida ta 2011, sashe na 84 ya buɗe ƙofar karɓar abin da aka ɗauka da kwamfuta ko waya a kotu, in an cika sharuɗɗansa.

Amma fayil ɗin nan bai wanke ni duka ba, kuma dole in faɗi wannan. Gilashin taga biyu, ɗana ne ya fasa da ƙwallo, ina wurin. Ɗakin yara kuwa, sun mai da bango allo, sun zana motoci da jirage da biro, wannan ba tsufa ba ne. Kuɗin wuta na watan ƙarshe, naira 7,000, ni na sha. Na kira mai fenti ya kimanta ɗakin yara kaɗai, ya ce 15,000. Na haɗa duka ya kama 30,000.

Sai na zauna na rubuta wasiƙa, da Hausa, shafi guda. Na fara da gaisuwa da godiya a kan zaman shekara uku. Na bi lissafinsu ɗaya bayan ɗaya, na ce wannan na yarda nawa ne, wannan ban yarda ba ga dalilina, ga hoto. Na ce a cire 30,000 a mayar mini da 70,000 cikin kwana goma sha huɗu, in kuma akwai rasit na gyaran da aka yi, a nuna mini. Ban yi zagi ba, ban ambaci kotu ba. Abin da na lura shi ne, amsa laifin da na yi ya fi komai ƙarfi a wasiƙar, domin ya toshe bakin wanda zai ce yaron nan gardama kawai yake so.

Kwana goma sha huɗu suka wuce shiru. Na yi waya, ɗan ya ce Alhaji ya ji zafin wasiƙar. Na ga dai zuwa da kai ya fi aike, na ɗauki hutun kwana biyu na hau mota zuwa Kano, na wuce wajen mai unguwa na kwashe labari na faɗa masa. Bayan sallar la'asar ya tara mu a zaurensa, ni da Alhaji da ɗansa da dillali da limamin unguwa.

Na durƙusa na gaida Alhaji. Ya amsa a daƙile, ya ce, "Malam, ashe har mun kai ga takarda ni da kai?" Na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Ba raini ba ne, nisa ne ya sa na rubuta, kuma ina tsoron kada baki ya ƙara abin da ban faɗa ba." Mai unguwa ya ce a kunna bidiyon. Aka miƙa wa Alhaji waya, ya sa tabarau, ya ga tabon silin, ya ji muryar matata tana cewa wannan wurin sai an gyara. Ya juya ya dubi ɗansa, ya ce, "Kai, yaushe aka gaya maka kwano na yoyo?" Ɗan ya sunkuyar da kai. Ashe dattijon bai taɓa ganin lissafin dalla-dalla ba, an dai ce masa gyara ya cinye ajiya.

Sai dai bai sakar mini duka nan take ba. Ya tsaya a kan fenti, ya ce shi a saninsa duk wanda ya tashi yakan yi wa gida fenti, haka ake yi a unguwar. Mai unguwa ya tambayi dillali ko an faɗa mini haka ranar da na shiga, ko an rubuta. Dillali ya ce ba a yi ba. Liman ya ce to, sharaɗin da ba a gindaya a farko ba, ba a fito da shi a ƙarshe. Ni ma a nan na koyi abu: da an rubuta a yarjejeniya cewa zan yi fenti in zan fita, kuma na sa hannu, da ba ni da ta cewa. Saboda haka masu gida, in kuna son haka, ku faɗa tun farko, ku rubuta.

Da aka gama, Alhaji ya yi shiru, can ya ce zai faɗi gaskiya, kuɗin ba sa nan. Tun makon da na biya aka sayi siminti da su aka yi aiki a wani gidan. Wannan magana ita ce ta buɗe mini ido fiye da komai. Yawancin rigimar ajiya ba daga mugunta take tasowa ba. Suna ne kawai ajiya, amma ba a ajiye ta ba. Ranar da ɗan haya ya tashi, mai gida ba shi da kuɗin a hannu, sai a shiga gida da fitila ana neman abin da za a rubuta har lissafi ya cika. A Ingila sun gane wannan, shi ya sa tun watan Afrilu na 2007 doka ta tilasta a sa kuɗin ajiya ƙarƙashin wani tsari na kariya mai zaman kansa, wanda ke da masu raba gardama in an sami saɓani, kuma a 2019 aka ƙayyade cewa a yawancin gidaje kada ajiya ta wuce hayar mako biyar. Mu a nan kuɗin yana aljihun ɗaya daga cikin masu jayayyar, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali.

Akwai kuma asarar da babu wanda ya rubuta a takarda. Lokacin da na ba da dubu ɗarin nan a 2021, dala tana wajen naira 410 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500, kuma a watan Disamba na shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wato an riƙe kuɗina da darajar da, ana cire mini gyara da farashin yau. Ban nemi a ƙara mini ko kwabo ba, abin da na bayar shi nake bi. Amma ya kamata mai gida ya tuna da wannan kafin ya kama biro.

Aka yi sulhu a kan 70,000, biya biyu. Na karɓi 40,000 a ƙarshen watan, cikon kuma bayan mako shida. In kun cire kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, za ku ga ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma kuɗin makarantar yaron sai da na ci bashi a ƙungiyar adashin ofis kafin su iso. Duk da haka ban yi da-na-sani ba. Da sallar da ta wuce na je gaida Alhaji, ya sa aka kawo mini fura, ya ce yanzu ya sayi babban littafi, kowane gida da shafinsa.

Wani zai tambaya, da Alhaji ya ƙi fa? Akwai hanya, kuma ba ta kai tsadar da muke tsoro ba. A Kano akwai cibiyar sulhu ta babbar kotu da aka buɗe a 2009, inda ake zaunar da mutane a sasanta su ba tare da shari'a ba. A 2019 kuma aka buɗe kotunan ƙananan basussuka, bayan Legas ta fara a 2018. Lokacin da aka buɗe su, suna sauraron da'awar kuɗi har naira miliyan 5, an tsara a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Matakin farko a can shi ne takardar neman biya, wato irin wasiƙar da na rubuta. Ga kuma kotunan shari'a ga wanda ya fi son can. Ban kai ko ɗaya daga cikinsu ba, amma sanin suna nan ya sa na zauna a zauren mai unguwa ba tare da jin kamar bara na zo yi ba.

Gargaɗi ɗaya ga 'yan'uwana 'yan haya. Kada ka ce tunda ana riƙe da ajiyarka, za ka ƙi biyan hayar watannin ƙarshe, ko ka tafi da makulli, ko ka kwance fanka ka ce ka fanshe. Da ka yi haka ka mai da kanka mai laifi, ka ba wancan hujjar da ba shi da ita. Kuma ranar da za ka fita, kada ka miƙa makulli a bakin ƙofa kamar yadda na yi. Ka ce a zo a zagaya tare, da shaida ɗaya, a karanta mita, a rubuta abin da aka gani, kowa ya sa hannu. Kuskurena ke nan na biyu, kuma shi ya ba da mako ukun da aka yi ana tara lissafi ba na nan.

Gidan da nake ciki yanzu a Abuja, ranar da na karɓi makulli na zo da takarda mai layi-layi, ɗaki-ɗaki, da wurin rubuta halin bango, silin, ƙofa, taga, famfo, makewayi da lambar mita, da layi ɗaya a ƙasa mai cewa nawa aka ajiye, a hannun wa, kuma cikin kwana nawa za a mayar. Wakilin mai gidan ya dube ni ya ce ko na taɓa aiki a sito ne. Na ce a'a, makarantar kwana na yi. Na buga kwafi hamsin na wannan takarda, da Hausa da Turanci, na bar su a wajen sakatare. Lauyoyinmu biyu sun duba ta, kuma sun ce duk ɗan ƙungiyar da ke da irin wannan matsala ya same su bayan an tashi. Yayyenmu masu gidaje, ku ma ku ɗauka, domin ranar da ɗan haya ya fasa muku tayil ya rantse haka ya tarar, ita ce za ta tsaya muku.

Mai girma shugaban taro, na ga ana ɗaga mini agogo.